Daga kurkukun Jamusawa zuwa jinyar kutare, labarin wata likitar Polan da abinda ya shafe mu a Maradi

Malam Edita, salamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'ar gidan jarida duka, Allah shi ƙara basira amin.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili, nasan rubutun zai yi tsawo amma ka yi haƙuri kar ka datse mini shi. Maganar wata likita ce 'yar ƙasar Polan nike so in kawo ma masu karatu, sunanta Wanda Blenska, an haife ta 1911 ta rasu 2014, ka ga shekara 103 kenan Allah ya ara mata. Nasan wani zai ce mi ya haɗa mu da Polan mu da muke fama da tsadar hatsi da wutar lantarki da ba ta zama, to ya ɗan yi haƙuri ya karanta zuwa ƙasa. Ni tsohon anfirmiye ne, na yi aiki a ƙananan gidajen likita na ƙauye nan kudancin Maradi kafin in aje aiki, kuma sunan matar nan a wata formasiyo kan cutar kuturta na fara jin shi, daga baya na bi labarinta a intanet.

Ta karanta likitanci a jami'ar Poznan ta gama 1934, ta kama aiki a wani gari Torun, da farko asibiti, daga baya labo na hukumar tsabta ta ƙasa, inda ake kai jini da majina a duba ƙwayoyin cuta. Ran 1 ga Satumba 1939 sojojin Hitila na Jamus suka afka ma Polan, mafarin yaƙin duniya na biyu kenan, ran 17 ga watan kuma Sobiyet ta shigo ta gabas, suka raba ƙasar tsakaninsu. Yankin da Torun take Jamus cewa ta yi nata ne ma gaba ɗaya, ta haɗe shi da ƙasarta kai tsaye, kuma abu na farko da suka fara yi tun cikin 1939 ɗin shine tattara masu ilimi, malaman lakwal da limaman coci da likitoci da lauyoyi, a kai su daji a harbe, akwai wani daji Barbarka kusa da Torun inda aka kashe ɗaruruwan mutane haka nan. Dabarar a fili take, in ka gama da masu karatu sauran jama'a sai su zame maka 'yan ƙwadago. To a irin wanga gari ne mace likita, wadda ita kanta tana cikin irin mutanen da ake farauta, ta shiga ƙungiyar ɓoye mai suna Gryf Pomorski har ta zama cikin masu jan ragamar ɓangaren mata, kuma ta yi aiki ƙarƙashin babbar rundunar ɓoye ta ƙasar, Armia Krajowa, wadda ta ɗauki wannan suna a Fabrairun 1942, mutanenta sun kai dubbai ɗaruruwa.

In aka ce gwagwarmaya yaranmu bindiga kawai suke hangowa sabida fim ya ɓata su. Amma duk wanda aka harba sai an cire mai harsashi, sai an ɗinke shi, sai an samo bandeji da maganin kashe zafi a garin da komi ke hannun abokin gaba, kuma mata ne da yawa suke dakon magani da saƙonni suna koya ma 'yan uwansu ɗaurin rauni a cikin ɗakuna. Jamusawa sun sa doka duk wanda aka kawo asibiti da raunin harsashi a kai musu rahoto, to likita ya zaɓa, ko ya miƙa mara lafiyarshi ga Gestapo, wato 'yan sandan sirrin Jamusawa, ko ya ɓoye shi ya sa wuyanshi da na iyalinshi. A Warso babban birni akwai asibitin Wolski, asibitin masu tarin fuka ne, akwai wani likitan tiyata can Leon Manteuffel da ya riƙa yi ma 'yan gwagwarmaya aiki a ɓoye. Yadda asibitocin suke yi, a rubuta wani suna a kati, a rubuta wata cuta daban, a kwantar da mutum cikin masu tari, sabida Jamusawa suna mugun tsoron cuta mai yaɗuwa, ba su son leƙa irin waɗannan ɗakuna. Wannan tsoron nasu ma wasu likitoci biyu, Eugeniusz Lazowski da Stanislaw Matulewicz, sun ci moriyarshi a yankin Rozwadow, sun gano in aka yi ma mutum allurar wata matacciyar ƙwayar cuta gwajin jininshi zai nuna kamar yana da zazzaɓin taifus wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa alhali lafiyarshi lau, suka yi ta aika jini labo ɗin Jamusawa yana fitowa da cuta, Jamusawa da kansu suka killace yankin suka rage kwasar mutane zuwa aikin tilas. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na yi dariya, makaminsu kenan sirinji.

Amma abin ba na dariya ba ne har ƙarshe. Ran 1 ga Agusta 1944 mutanen Warso suka yi bore, an kwana 63 ana gwabzawa, ran 5 ga watan sojojin Jamus suka shiga asibitin Wolski ɗin nan suka harbe shugaban asibitin Jozef Piasecki da Farfesa Janusz Zeyland da limamin cocin asibitin, suka kora marasa lafiya da ma'aikata waje, aka kashe maza da yawa cikinsu. Manteuffel Allah ya yi da sauran kwananshi, bayan yaƙi yana cikin waɗanda suka kafa tiyatar ƙirji da ta zuciya a Polan. Ƙasar gaba ɗaya ta rasa mutum wajen miliyan 6 a yaƙin, kusan rabi Yahudawa.

Ita ma Wanda ba ta tsira ba, Jamusawa sun kama ta sun kulle, ta dai fito da ranta. Sai kuma ga wani abin takaici, yaƙi ya ƙare 1945 amma gwamnatin kwaminis da Mosko ta ɗora kallon abokan gaba take ma 'yan Armia Krajowa, mutanen da suka sha wuya dan ƙasar su ne aka koma ana kamawa. A 1946 ta fita a ɓoye cikin jirgin ruwa zuwa Jamus wajen ɗan uwanta da ba shi da lafiya, hanyar komawa gida ta toshe. Ta yi aiki a asibitocin sojojin Polan da ke yamma, ta karanci cututtukan ƙasashe masu zafi a Hambug da kuma Libaful, eh Libaful ɗin nan da yaranmu ke hana mu barci da ihu in ana ƙwallo, akwai tsohuwar makarantar wannan fanni can tun 1898.

Nan ne ni abin ya tsaya mini a rai. Mace ta kusa shekara 40, ta ga yaƙi ta ga kurkuku, ga takardu a hannu, tana Ingila, wa zai zarge ta in ta nemi asibiti mai kyau ta zauna ta huta? Sai ta tafi Yuganda 1950, a 1951 ta sauka Buluba gefen tafkin Biktoriya, wani ƙaramin wurin jinyar kutare da matan coci 'yan Katolika ke riƙe da shi. Ita ke shugabancin aikin likita can har 1983, kuma ba ta koma Polan ba sai wajen 1993, sama da shekara 40. Shekaru da dama ita kaɗai ce likita a wurin, to ka san komi kanta zai faɗo, harda tiyata, ƙafar da ta ruɓe har ƙashi ita za ta yanke, gyambon da ya ƙi ji ita za ta kankare. Mulkin Idi Amin 1971 zuwa 1979 ya same ta can, ya kori Indiyawa 1972, baƙi da dama suka tattara suka bar ƙasar, magani ya yi wuya, ita tana nan. Mutanen wurin Dokta kawai suke ce mata, daga baya aka riƙa kiranta uwar kutare, kuma ta horar da ma'aikatan jinya da yawa har cibiyar horon da ke Buluba sunanta take ɗauke da shi.

Abinda aka fi tunawa da ita shine in tana duba kuturu ba ta sa safar hannu, sai in aikin rauni ne ko tiyata. Mutane suna ɗaukar wannan kamar tausayi ne kawai, akwai tausayi ƙwarai, amma ni da na yi aikin nasan harda sanin aiki. Kuturta jijiya take ci. In mutum ya zo maka da tabo a baya ko a cinya, wuri ya yi fari-fari ko ja-ja ba ƙaiƙayi ba zafi, za ka ce ya rufe ido, ka murza auduga ta yi tsini ka taɓa lafiyayyar fata ya nuna maka da yatsa inda ya ji, ka taɓa tsakiyar tabon, sai ka ga ya yi shiru yana jira bai san ma ka taɓa ba. Daga nan ka kama gwiwar hannunshi ka lalubi jijiyar da ke bayan ƙashin nan, wadda in ka buge ta kake jin kamar lantarki har ƙaramin yatsa, ka ji ko ta kumbura ta yi tauri, ka gwada da ta ɗayan hannun, ka sauka bayan gwiwar ƙafa da idon sawu ka yi haka nan. Wannan aikin ɗan yatsa ne, wanda ke ƙyanƙyami yana tsaye daga nesa yana cewa ɗaga rigarka in gani ba zai taɓa gano ta da wuri ba, zai rubuta ordinansin man shafawa na makero ya sallami mutum, sai bayan shekaru a dawo mai da shi yatsu sun lanƙwashe. Kuma shi mara lafiya yana kallon fuskarka yana kallon hannunka, in ya ga ka ja baya ba zai sake dawowa ba. Kar dai wani matashin anfirmiye ya ce tsoho ya ce a jefar da safar hannu, a'a, inda jini da mugunya suke a sa, ga sida ga ciwon hanta, duban fata da jijiya nike magana.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa a wani ƙauye da na yi aiki. 'Yan uwanta sun yi mata ɗan ɗaki can bayan gida kusa da turken awaki, kwanonta daban, randarta daban, mijin ya sake ta tuni. Ranar da aka kira ni ƙuna ce a tafin hannu, ta ɗauko tukunya daga murhu da hannu tsirara, wai sai da ta ji ƙauri sannan ta duba. Ina wanke wurin tana ta hira da ni ko uhum ba ta ce ba, naman ya dahu amma ba ta jin komi. Wannan ita ce hanyar da yatsu ke tafiya, mutane na cewa kuturta na guntule yatsu, alhali ƙuna ce da ƙaya da tsakuwa cikin takalmi da ba a ji, rauni ya ruɓe, ƙashi ya cinye a hankali. Da aka sa ta kan magani aka koya mata ta riƙa jiƙa ƙafafu a ruwa kullum ta shafa mai ta duba tafin ƙafa kafin ta kwanta, ta riƙa ɗaukar tukunya da tsumma, sauran yatsun sun tsira. Waɗanda suka riga suka tafi kam sun tafi.

Mu nan har yanzu wasu na cewa gado ce, wasu su ce wanda ya rantse da Alƙur'ani kan ƙarya ne, wasu su ce sammu. Ƙwayar cuta ce, wani likitan Nowe mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, tana fita ta hanci da baki daga wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare, yawancin mutane ma jikinsu ba ya kama ta ko sun zauna da mai ita. Nasan wani zai kawo mini hadisin gudun kuturu, ni ba malami ba ne, malamanmu su yi mana bayani, abinda na sani a likitance shine wanda ya fara shan maganin kuturta ya daina yaɗa cutar, wanda muka tsorata ya ɓoye a ɗaki ba magani shi ne haɗarin yaran gidan. Kuma ba mu da uzurin nisa, ga Danja nan kan hanyar Ɗan Isa, asibitin kutare da mishan SIM suka kafa tun shekarun 1950, inda aka ƙara da cibiyar masu yoyon fitsari a 2012, mutane har daga Najeriya suna zuwa, amma ɗan Maradi sai ya ƙi zuwa dan kar a gan shi ya sauka mota a wurin a kai labari unguwa, diyarshi ta rasa miji.

Ɗaya abin da labarin matar nan ya tuna mini shine halin da ma'aikatan lafiya ke ciki yanzu a ƙauyukan iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, inda 'yan bindiga ke shigowa da dare su kore shanu su ɗauki mutane sai an biya kuɗin fansa. Ban haɗa mu da Polan ba, su baƙi ne suka mamaye su, mu hukumarmu tamu ce kuma ban ce a ɓoye mata kowa ba. Amma ka yi tunanin majo shi kaɗai a gidan likita na ƙauye, ƙarfe biyun dare a buga mai ƙofa an kawo mutum a amalanke da harbi a ciki, ba wuta sai fitilar waya, ambilans tana nesa kuma direba ba zai biyo hanyar ba sai gari ya waye, shi kuma bai san ko waɗanda suka yi harbin suna bayan gari ba. Akwai masu zama a haka shekara da shekaru ba wanda ya san sunansu. Kuma yaron da ya nemi a canza mai wurin aiki ni ba na zaginshi, yana da uwa yana da mata, likita Wanda ita ta zaɓi nata da kanta ba wanda ya tura ta, bai kamata hukuma ta jingina da jaruntar mutum ba ta bar shi ba kayan aiki ba tsaro ba alawus kan lokaci.

To Malam Edita ga roƙona. Duk shekara lahadin ƙarshe na Janairu ana ranar kutare ta duniya, wadda Bafaranshen nan Raoul Follereau ya ƙirƙiro 1954, abinda muke gani a jaridu da tele iri ɗaya ne, manya sun zo da motoci, an jera kutare a tabarma cikin sanyin hunturu, buhun shinkafa, bargo, sabulu, jawabi, hoto, a watse. A ba su, suna buƙata, Allah ya saka. Amma waɗanda ke kan tabarmar nan yawancinsu sun warke tuni, naƙasar ce ta rage musu, mai cutar na gaskiya yana kasuwa yana lakwal da ɗan tabo ƙarƙashin riga bai sani ba, kuma duniya har yanzu ana samun sabbin kamu wajen 200,000 duk shekara. Dan Allah ku ware ko rabin shafi ne ku buga alamomin da Hausa ƙarara yadda za a karanta ma wanda bai yi boko ba, ku aika ɗan rahotonku ya zauna da ma'aikatan da ke wanke gyambo ya ji ta bakinsu, ku tambayi masu ruwa da tsaki ko maganin yana isa ƙananan gidajen likita na ƙauye kan lokaci. Ita dai Wanda cocinta ta Katolika ta buɗe binciken ɗaukaka ta zuwa sahun waliyyansu a 2020 can Poznan, wannan tsakaninsu ne ba ruwana, ni aikin hannunta na kawo.

Kuma in za ku buga kar ku manta da maganar maganin kanshi dan nan ne muke asarar mutane. Lokacin da likita Wanda ta fara aiki a Buluba kusan dapson kaɗai ake da shi, mutum ya yi ta sha shekara da shekaru har ƙwayar cutar ta saba da shi. A 1981 hukumar lafiya ta duniya OMS ta kawo tsarin haɗa magani uku, rifampisin da dapson da kulofazimin, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ko'ina, ko dala ba a biya, wata 6 ga mai ƙaramar cuta wata 12 ga mai babba, kwali ɗaya duk wata. Sai dai rifampisin yana sa fitsari ya yi ja ranar da aka sha, mutum ya firgita ya ce jini ne ya jefar da kwalin, shi kuma kulofazimin yana ƙara duhun fata ya busar da ita, mata musamman sai su daina sha dan kar kishiya ko maƙwabta su tambaya mi ya same ki kika yi baƙi haka. Jan fitsarin ba jini ba ne yana wucewa da kanshi, duhun fatar ma yana washewa a hankali bayan an gama, sai dai ya ɗau watanni, a riƙa shafa mai. Wanda ya ga sabon kumburi ko jijiya ta fara mai zafi ko hannu ya fara rasa ƙarfi yana cikin shan magani, kar ya tsaya kuma kar ya tafi wajen mai magani a kasuwa, ya koma inda aka ba shi kwalin a ranar, akwai maganin da ake ƙara mai kafin jijiyar ta mutu.

Na gode Malam Edita, a gaida mutanen ofis.

Naku,
tsohon anfirmiye, unguwar Zariya, Maradi